Muryar Yaya a guruf kan manhajar susun Nima

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina cikin trotro ne, motar haya, daga Madina ta Accra, amma saƙon ƙanenmu tun safe ya tsaya min a rai, gara in amsa yanzu.

Ga waɗanda ba su gani ba, ya haɗa wa wani mai karɓar susu, wato adashin kullum, a unguwar Nima manhaja. Wata Hajiya mai waakye tana zuba sidi 20 kullum, ta ce kwana 30 ba ta yi fashi ba, kuɗinta 600 ne. Manhaja ta nuna 540. Kwana uku sun yi ɓatan dabo, ba a san kuskure ne ko hannu ne ya taɓa ba. Shi ne yake tambaya ko ya ƙara gurbi da zai nuna wanda ya yi gyara na ƙarshe.

Ƙanena, wannan gurbin ba zai fisshe ka ba. Zai gaya maka sunan mutum ɗaya, amma me ke wurin kafin ya taɓa? Sau nawa aka taɓa? Shiru. Matsalar tun daga tushe take: ka ajiye balas a gurbi guda, duk wanda ya zuba kuɗi sai a goge tsohuwar lamba a ɗora sabuwa.

Tuna katin susu na takarda mana. Kowace rana da akwatinta, a sa biro a yi alama a gaban mai kuɗi. Na yi yaro a wajen wani dattijo mai riƙe littafin 'yan albasa, tun suna Agbogbloshie, kafin a kwashe su zuwa Adjen Kotoku a 2021. Bawan Allan nan in ya yi kuskure, layi ɗaya siriri yake ja a kan lambar, yadda har gobe za ka iya karanta ta, ya rubuta daidai a gefe, ya sa hannu da kwanan wata. Ranar da na kawo farin ruwan nan na goge rubutu, karɓewa ya yi ya jefa a kwata. To wallahi abin da nake so rumbun bayananka ya yi ke nan.

Ka yi tebur ɗaya na shige da ficen kuɗi. Kowane zubi layinsa daban: wa ya biya, wa ya karɓa, nawa, yaushe, da wace waya aka shigar. Balas kuwa lissafo shi za a riƙa yi daga layukan nan. In an yi kuskure, a shigar da sabon layi mai warware na farkon, da dalili, da lambar layin da yake warwarewa. Tunda rumbun PostgreSQL kake amfani da shi, cire wa asusun manhajar izinin gyara da na gogewa a teburin, ka bar masa na ƙarawa da na karantawa. Kar ka ce ai ba ka sa maɓallin gogewa a fuskar manhaja ba, a cikin rumbun ne ake kulle ƙofa.

Kuma don Allah kowa da kalmar sirrinsa. Na taɓa yi wa wani shago aiki, mutum biyar suna shiga da suna ɗaya. Da kuɗi suka ɓace, yarinyar da ba ta da mai tsaya mata aka kora, ni kuma na buɗe rumbun ban sami abin da zan wanke ta da shi ba. Har yau abin yana ci na.

Za ka ce to kai mai riƙe da babban makulli fa? Nan hatimi yake shigowa, wato wata doguwar lamba da ake lissafowa daga rubutu, in an canja ko harafi ɗaya sai ta canja. Kowane layi a haɗa abin da ke cikinsa da hatimin layin da ya gabace shi, a fitar da sabo da hanyar lissafin da ake kira SHA-256. Wanda ya canja layin watan jiya, duk hatiman da suka biyo baya sun karye. Sai dai mai makulli zai iya zama ya sake lissafa su duka, shi ya sa kowace yamma hatimin ƙarshe ya fita daga hannunka, a tura wa shugaban ƙungiya a waya. Ita ma Hajiya saƙo ya shiga wayarta duk ranar da ta zuba. Da an yi haka, yau sai dai ta buɗe ta nuna.

Saura ƙananan abubuwa, da sauri don na kusa sauka. Kuɗi ajiye su a pesewa, lamba cikakkiya, sidi 20 ya zama 2000, domin sau da yawa kwamfuta in ta haɗa 0.1 da 0.2 ba ta ba da 0.3 cif. Lambar cinikin MoMo, wato kuɗin da aka turo ta waya, ka sa rumbun ya ƙi karɓar ta sau biyu, netwok yana maimaita saƙo. Zubi da rasit ɗinsa su shiga a ɗauri ɗaya, in dumsor ya faɗo a tsakiya, wuta ta ɗauke, kar rabi ya zauna. Lokacin babbar kwamfutar da rumbun yake kanta za a ɗauka, agogon waya kowa na iya juya shi, ga 'yan'uwanmu na Nijar da Najeriya suna gabanmu da awa ɗaya. Duk wani caji kuma rubuta adadinsa a jikin layin. E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, ya fara da kashi 1.5 a Mayun 2022, ya koma kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Wanda ya ajiye adadin a wuri guda, tsofaffin rasit ɗinsa sun rikice.

Lambar Ghana Card ta mutane kar ka baza ta a kowane layi, dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, tana kanka.

Batun Hajiya kuwa, yau ɗin nan ku nemo katinta na takarda da littafin mai karɓa ku gwada rana da rana, kar a bar ta da zullumi. Kar ka taɓa rumbun kafin ka ɗauki kwafinsa. Turo min tsarin teburanka, Asabar bayan la'asar in sha Allahu zan shigo Nima mu zauna a kai. Mate, Circle zan sauka!