Yadda Ake Tantance Tsohon Faifan Jaz Kafin a Saya

Tambaya: Na fara tara tsofaffin fayafayan garmaho na masu busa saksofon a kiɗan jaz. An yi mini tayin faifan Blue Train na John Coltrane, mai sayarwa ya ce bugun farko ne, kuma faifan yana sheƙi. Ta yaya zan tabbatar da bugun da kuma lafiyar faifan?

Amsa: Malam, abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada sheƙin ya ruɗe ka, domin faifan da aka goge da kyau yana iya ɗaukar ido alhali tsaginsa ya riga ya cinye. Yawancin fayafayan shekarun 1950 sun sha wuya a ƙarƙashin allura mai nauyi, wadda sau da yawa ta dakushe, kuma duk juyin da faifan ya yi tana kankare bangon tsagin. Ka karkata shi a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Idan ka ga tsagin ya yi toka-toka maimakon baƙi wuluk, to cinyewa ce. Wanki yana fitar da ƙura da funfuna, amma ba ya mayar da abin da allura ta ci.

Wannan lahani ya fi cutar da saksofon, kuma shi ya sa nake nanata shi. Inda mai busa ya ɗaga murya da ƙarfi, nan ne sautin yake tsagewa kamar ana yaga takarda, musamman a waƙar ƙarshe ta kowace fuska, kusa da tsakiya. Saboda haka ka nemi a kunna maka wannan wurin, ba farkon faifan ba.

Karce kuwa, ka bi ta kansa da farce a hankali. Wanda farce ya ji, allura ma za ta ji shi. Ka ɗaga faifan daidai idonka don ganin ko ya lanƙwashe, sannan ka duba ƙananan zane-zanen da ke kewaye da ramin tsakiya, domin yawansu yana nuna yawan kunnawa. Masu sayarwa suna amfani da ma'aunin mujallar Goldmine, wato matakan lafiyar faifai daga NM (kusan sabo), VG+ (mai ɗan alamar amfani), VG (mai alamar amfani sosai) zuwa ƙasa, sai dai da yawansu da ido kawai suke yanke hukunci.

Game da bugu, an ɗauki Blue Train a watan Satumba na 1957, kamfanin Blue Note ya fitar da shi da lamba 1577. A bugun farko, takardar tsakiya tana ɗauke da adireshin 47 West 63rd, da wani zobe mai zurfi a cikinta da ya kewaye ramin tsakiya. A filin da babu tsagi za ka ga haruffan RVG na injiniyan sauti Rudy Van Gelder, da wata 'yar alama mai kama da kunne ta masana'antar Plastylite. Idan ka ga sunan Liberty, kamfanin da ya sayi Blue Note, an buga shi ne daga 1966 zuwa sama. Ka duba faifan da kwalinsa daban-daban, domin akan saka sabon bugu cikin tsohon kwali.

A ganina, idan tsagin ya yi toka, ka bar shi ko da duk alamomin nan sun cika, ka nemi bugun baya mai tsabta wanda zai fitar maka da busar Coltrane ba tare da tsagewa ba.