Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan shiga ƙungiyar manoma a ƙauye

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce kai mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi, ka sami hayar gona a wani ƙauye kusa da Ejura za ka noma masara, mutanen ƙauyen kuma sun gayyace ka ka shiga ƙungiyarsu ta manoma, amma kana ganin kamar ɓata lokaci ne da kuɗi tunda kana da jarinka a hannu. Ni ma daga Asawase na tashi na je noma a wannan yankin, na kuma daɗe a cikin irin wannan ƙungiya, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Shawarata ita ce ka shiga, amma sai idan ka yarda za ka riƙa kai ƙafarka. Mutanen ƙauye ba su cika damuwa da nauyin aljihun mutum ba, abin da suke ƙirgawa shi ne sau nawa suka gan shi a gonar wani ranar gayya, sau nawa kuma suka gan shi a zaman makoki. Wanda zai zauna a Kumasi ya riƙa aika kuɗin wata ta waya, sunansa zai kasance a littafi, amma ranar da ya shiga matsala zai tarar babu wanda ya san fuskarsa.

Gayya ita ce ƙashin bayan al'amarin. Tonawa, wato mutanen Asante, suna ce mata nnoboa, kuma tsarin bai bambanta da wanda kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa ba: yau a taru a gonar wannan, jibi a gonar wancan, mai gona ya ciyar da mutane. Ka san yankin Ejura damina biyu gare shi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma tsakanin girbin farko da shukar ta biyu lokaci ƙanƙane ne ƙwarai. A wannan tsakanin kowa yana neman lebura, kowa yana neman tarakta, kuma ko kana da kuɗi sai ka bi layi. Mai tarakta ba zai ƙona mansa ya shiga daji saboda gonar mutum ɗaya ba, amma idan ƙungiya ta haɗa gonaki ashirin da ke maƙwabtaka da juna ta kira shi, da kansa zai zo, ya kuma rage farashi. Haka yake da injin sussuka. A shekarata ta farko, kafin in shiga, na makara da shukar ƙaramar damina da kusan mako uku saboda jiran huɗa, ruwa ya ɗauke masarar tana fitar da gemu, abin da na kwashe bai mayar mini da kuɗin taki ba.

Akwai kuma batun ƙasa, wanda baƙo ba ya gane zurfinsa sai ya taɓa shi. Filaye a ƙasar Asante galibi suna hannun sarauta ne da dangi, ana ba da su haya ko kuma a yi yarjejeniyar raba amfanin gona, wato abunu idan biyu za a raba, abusa idan uku ne. Yawancin irin wannan magana da baki ake yin ta a gaban shaidu. Ranar da wani daga dangin mai ƙasa ya taso ya ce iyakarka ta shiga tasa, dattawan ƙungiya ne za su raka ka wurin mai gari su ce sun san inda aka kafa alama. Na ga an yi wa wani bawan Allah haka, aka kashe maganar a zama ɗaya, alhali da shi kaɗai ne da ya bar gonar da shukarsa a ciki.

Lokacin da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Ghana a 2016, ta kuma yi ɓarna sosai a 2017, malamin gona ba ya iya bin mutane gida gida, ƙungiyoyi yake tarawa ya nuna yadda ake gane ta a cikin zuciyar shukar da lokacin da feshi yake kama ta, wato da sassafe ko da yamma. Haka ma da gwamnati ta fito da shirin tallafin taki da iri a 2017, waɗanda suke cikin ƙungiya sun riga kowa jin labari. Sai dai ina roƙonka kada tallafi ya zama dalilin shigarka, domin yakan zo a makare, wata shekarar ma ba ya zuwa, kuma na ga ƙungiyoyin da aka kafa don taki kawai sun watse da zarar takin ya yanke.

Abin da ya fi riƙe ni a ciki shi ne zaman tare. A tamu akwai Hausawa, Dagomba, Konkomba, Sisala da Tonawa, Musulmi da Kirista, kuma kowane taro da addu'a biyu ake buɗe shi. Idan an yi haihuwa ko aure ko rasuwa, akwai gudummawar da aka yanka wa kowa. Shekarar da mahaifiyata ta rasu, na baro gona ana tsakiyar girbi na taho Kumasi, na yi kwana takwas ban ko tuna da masara ba. Da na koma na tarar an karye ta, an kwaso, an shanya, wasu kuma daga cikinsu sun biya kuɗin mota sun zo har Asawase yi mini ta'aziyya, ciki har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Har yau idan na tuna wannan sai zuciyata ta karye. Ranar Manoma ma, wadda ake yi tun 1985 bayan fari da gobarar daji na 1983, galibi a Juma'ar farko ta Disamba, tare muke zuwa taron gunduma da tufafi iri ɗaya, ko an ba wani namu kyauta ko ba a ba shi ba.

Ba zan ɓoye maka wahalarta ba. Taro yakan yi tsawo, akwai tara ga wanda ya ƙi zuwa gayya ba uzuri, kuma kuɗi yakan kawo saɓani. Mun taɓa yin ma'ajin da ya riƙa ba da rance daga asusu ba tare da rubutawa ba, sai da aka kai ruwa rana kafin a dawo da wani ɓangare. Daga nan muka yi rajista da hukumar ƙungiyoyin gama kai, muka buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, ana kuma karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Mu Musulmin ciki mun nemi a raba adashi da rancen da ake ɗora wa ruwa, aka saurare mu, aka yarda. Ƙaramar ƙungiya idan ta tsare amana tana iya girma, ga Kuapa Kokoo ta manoman koko nan da aka kafa a 1993, hedkwatarta a nan Kumasi take.

Kafin ka biya kuɗin shiga, ka halarci taronsu sau biyu a matsayin baƙo. Ka nemi a nuna maka littafin kuɗi, ka tambayi yaushe aka yi zaɓen shugabanni na ƙarshe, ka kuma lura ko mata da matasa suna samun bakin magana. Ka tambaye su ko suna haɗa buhunansu su sayar tare, domin a lokacin kaka 'yan kasuwa sukan zo da manyan buhuna su cika su har wuya a kan farashin buhu ɗaya, kuma mutum ɗaya ba ya iya musu da su. Idan sun amsa maka waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, ka ba da sunanka, sannan ranar gayya ta farko ka kwana a ƙauyen domin ka riga su isa gonar da addarka. Allah ya ba da damina mai albarka.