Ƙanena ba shi da takardu a Kalifoniya, za a yanke masa inshorar asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana zaune a Los Angeles, bizarsa ta daɗe da ƙarewa. Yana fama da ciwon suga, kuma Medi-Cal, inshorar asibiti ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ita ce ke biya masa magani. Mun ji an ce an yi dokar da ta soke ta ga marasa takardu. Shi ke nan an sallame shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba a sallami wanda ke ciki ba. Sababbin shiga aka rufe wa ƙofa.

Tun 1996 dokar tarayyar Amurka ta hana marasa takardu cikakkiyar Medicaid, wato inshorar da a Kalifoniya ake kira Medi-Cal, sai jihar Kalifoniya ta riƙa biya daga aljihunta. Ta fara da yara a 2016, zuwa Janairun 2024 ta haɗa da kowane mai ƙaramin ƙarfi. Kuɗin ya zarce yadda aka zata, ga giɓin kusan dala biliyan 12 a kasafi, sai a Yunin 2025 Gwamna Gavin Newsom da majalisar jihar suka ja da baya. Daga 1 ga Janairu, 2026, ba a rajistar sabon mutum mai shekara 19 zuwa sama idan ba shi da takardu. Yara da masu juna biyu ba su cikin wannan.

Abin da nake ji wa ƙanen naki shi ne takardar sabuntawa da ake aikowa duk shekara. Mutanenmu sun iya jefa ambulan kan firji su manta, ko su sauya gida ba su sanar da ofishin gunduma ba. A da idan inshorar ta yanke, sai a sake cike fom kawai. Yanzu wata uku ne a gyara. In suka wuce, sabon shiga za a ɗauke shi, kuma babu hanya. Ga mai allurar insulin, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dokar ta kuma tsara cire kula da haƙori daga Yulin 2026, da biyan dala 30 a wata daga Yulin 2027 ga 'yan shekara 19 zuwa 59. Dala 100 gwamnan ya fara nema, 'yan majalisa suka rage. A ganina ma Kalifoniya ta yi sassauci, domin jihar Illinois rufe irin wannan shirin nata na 'yan shekara 42 zuwa 64 ta yi ɗungurungum a Yulin 2025.

Sashen gaggawa kuwa, dokar tarayya ta 1986 ta hana asibiti korar kowa, sai dai can ba a bin ciwon suga wata-wata. Ki kira shi yau ya tabbatar adireshinsa daidai yake a wajen gunduma.