Tambayoyinku kan fasaha: bidiyon besbol na ci 26 da 2, da yadda za ka bi wasa a waya

Tambaya: Malam, an turo mini bidiyo a WhatsApp wai a makon jiya wani ɗalibi a Amurka ya buga ƙwallo ta tsallake shingen fili sau shida a jere, ƙungiyarsa ta ci 26 da 2. Ta yaya zan gane gaskiyarsa?

Amsa: Abin ya faru, amma ba makon jiya ba. Alƙaluman nan na wasan besbol (wasan da ake buga ƙwallo da sanda) na ranar 9 ga Mayu 1999 ne, inda jami'ar Florida State ta lallasa Maryland. Ɗan wasan Marshall McDougall ne. Sau bakwai ya fito bugu: na farko ya kai shi tasha ta ɗaya kawai (cikin tashoshi huɗu da mai bugu ke zagayewa kafin ya ci maki), sauran shidan duk ya fitar da ƙwallo waje da shinge, wato hom ron. Maki 16 ne suka shiga ta hannunsa, ya kafa tarihi a wasannin jami'o'i na hukumar NCAA.

Ga yadda za ka riƙa bincike da kanka. Tsayar da bidiyon daidai inda allon maki ko rubutun riga ya fito sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke bincike da hoto. Kada ka ɗauki wurin da ake gudu, hoton zai yi dishi-dishi, manhajar ta kawo maka wasu wasannin daban. Duba siffar bidiyon kuma: na talabijin ɗin wancan zamani kusan murabba'i ne, shi ya sa masu yaɗa shi kan yanke gefe ko su ja shi har mutane su yi faɗi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce jadawalin sakamakon wasa. Rubuta sunan ɗan wasan da jami'o'in biyu a Google, ka buɗe shafin jami'ar ko na NCAA. A jadawalin, AB na nufin sau nawa ya fito bugu, H bugun da ya yi nasara, HR hom ron, RBI kuma makin da bugunsa ya jawo. Nasa 7, 7, 6 da 16 ne. Saƙon da ba ya ɗauke da kwanan wata da sunan jami'a, kada ka tura shi gaba.

Tambaya: Ina son bin wasannin besbol na jami'o'in Amurka na bana, amma data na ƙarewa, wani lokacin kuma sai a katse wasa tun bai kai ƙarshe ba. Wayata ce ke da matsala?

Amsa: Ba lallai ba. Zagaye tara ake yi, amma gasa da dama suna da dokar tsayar da wasa bayan zagaye na bakwai idan tazara ta kai maki goma. In ka ga an yi wa wata ƙungiya fintinkau sannan hoto ya ɗauke, duba sakamako kafin ka zargi wayarka.

Batun data kuwa, wasa ɗaya kan ci kusan awa uku. A ingancin 720p awa guda tana iya lashe gigabayit ɗaya ko fiye, a 360p kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na haka. Shiga saitin YouTube ka zaɓi ingancin da hannunka, domin in ka bar shi ya zaɓa da kansa zai hau sama da zarar sabis ya yi ƙarfi. Shawarata ita ce ka bi maki a rubuce a manhajar ESPN, tashar wasanni ta Amurka, da safe ka kalli taƙaitaccen bidiyo. Ka guji shafukan da ke cewa sai ka sauke wata manhaja kafin ka kalla kyauta, ta nan ake cusa wa waya muguwar manhaja.

Kakar wasan tana farawa a Fabrairu, ta ƙare a Yuni a birnin Omaha na Amurka. Daga tsakiyar Maris, Najeriya da Nijar na gaba da gabashin Amurka da awa biyar, don haka wasan ƙarfe bakwai na yammacinsu sha biyun dare ne a Kano ko Damagaram.