Tafkin da ya yi kore a shekarar fari

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini bayan la'asar, na yi dariya har da tari. Wato a jami'a an koya muku wasu mitsi-mitsin tsirrai da ke yawo a ruwan teku, ido ba ya ganinsu sai sun yi yawa sun rine ruwan, shi ne kike tambaya ko hanin da ake yi a garinmu na shayar da dabba a tafki idan ya yi kore camfi ne kawai. Abin da ya ɗan dame ni shi ne jikar masunta ce ke wannan tambaya.

A farin 1973 ina saurayi, ina bin Baba su a fadamar Haɗeja. Damina ba ta yi kirki ba, kogi bai cika ya shigo tafkinmu ya wanke shi ba. Kafin bazara ta tsaya ruwan ya ja baya, ya zama ɗan kaɗan, ga ɗumi. Shanun Fulani da na gari duk nan suke sha, nan suke kashi da fitsari. Sai aka yi kwanaki ba iska, rana tana dukan ruwan tun hantsi. Kore ya fara daga gefe, ya yi kauri, har in ka jefa tsakuwa sai ka ga ramin da ta yi kafin ya rufe. Wari kuwa ba a magana.

Wata asuba muka sauka, Baba ya tsaya cak. Karfasa ce birjik a saman ruwa, ciki sama, waɗanda ba su mutu ba suna ta buɗe baki a sarari. Tarwaɗa ko a jikinta, don ita tana shaƙar iska, gaiwa kuma ta shige laka abinta. Mu samari muka zabura da ƙwarya, ga kifi a banza. Sarkin Ruwa ya daka mana tsawa, ya sa aka haƙa rami aka binne shi duka, a shekarar da mutane ke kwana da yunwa. Mata har kuka suka yi. Da yamma wani baƙon makiyayi da bai ji hanin ba ya kora garkensa gefen da 'yar iska ta tara koren. Washegari maruƙansa suna kwance, wasu ba su tashi ba.

Na tambayi Baba dalili, ya ce, “Ruwa ba ya tsami banza.” Inna kuma cewa take ruwan da ba ya tafiya ba a amince masa. Iyakar bayanin ke nan, kuma ba ka sake tambaya.

Abin da malamanku suka lissafa, zafi, hasken rana, ruwa a kwance, da taki, ai shi na ba ki labari yanzu. Wani malamin gona ya taɓa gaya mini cewa koren nan da rana yana ba ruwa iska, da dare kuma ya zuƙe ta, shi ya sa kifi ke mutuwa gab da asuba, kuma wani irinsa na da dafi. Na ji a rediyo a 2020 giwaye sama da 300 sun mutu a Botswana, hukuma ta ɗora laifin a kan irin wannan ruwa. Giwa fa!

Yanzu abin ya fi na da. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, cikar kogi ba ta zuwa yadda muka sani, doguwar ciyawar nan kachala ta toshe hanyoyin ruwa. 'Yan noman rani suna zuba takin zamani har bakin tafki, ban ruwa ɗaya ya wanke shi ciki. Kowa na wanki da wankin babur a wurin. Sarkin Ruwa na nan, amma wa ke jin maganarsa? Yaro sai ya kaɗe koren da hannu ya cika jarka.

Batun da kika ce an ce aljanu ne ke rina ruwan, wannan kakarki za ki tambaya, ita ta fi ni sanin su. Ki gaida malamanku.