Hukuncin Allurar Ƙara Girman Jiki Ga Mai Ɗaga Ƙarfe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina ɗaga ƙarfe a wani gidan motsa jiki a Kano. Kusan shekara biyu ke nan kocinmu yana yi mini allurar Sustanon da Deca, ana yi ana hutawa, yana kuma ba ni ƙwayar Dianabol, kuma jikina ya buɗe sosai. Akwai gasa ta kuɗi da zan shiga, ya ce zan dakata kafin lokacin gwaji don kada a gano. Na ji wani malami ya ce tunda abin ba ya sa maye, iyakarsa makaruhi. Mene ne gaskiyar hukuncin, kuma sallata da azumina suna nan? Sannan a sa mu a addu'a, shekara biyu da aurena Allah bai ba mu rabo ba, har iyayena sun fara kai matata wurin masu magani.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ku zuriya ɗayyiba. Ɗana, maganar da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka a matsayin roƙon addu'a ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma da ita zan fara, domin ina ganin ba ka lura da alaƙarta da tambayarka ba.

Waɗannan allurai da ƙwayoyi duk dangin sinadarin mazakuta ne da ake kira testosterone, wanda Allah ya sa 'ya'yan maraina suke samarwa daidai gwargwadon buƙatar jiki. Idan aka ɗura wa mutum shi daga waje da yawa, sai ƙwaƙwalwa ta ga ya wadata, ta daina aika wa maraina saƙon su yi aiki, sai su motse, ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyi su ragu ƙwarai, a wasu mazan ma su ɗauke ɗungurungum, alhali mutum yana ganin ƙirjinsa da damatsansa suna ƙara cika. Wannan sananne ne a wurin likitoci, har ta kai a shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testosterone ta mako-mako a matsayin hanyar hana ɗaukar ciki ta ɓangaren maza. Haihuwa ta Allah ce, amma ka auna da kanka: shekarun aurenka biyu, shekarun allurarka kusan biyu, kuma baiwar Allah ce ake yawo da ita ana ba ta jiƙe-jiƙe, tana haɗiyar maganganun dangi, kai kuwa ka yi shiru. Imamu Malik ya faɗa a cikin Muwaɗɗa cewa namiji ba ya yin azalu (wato zubar da maniyyi a waje) ga matarsa 'ya (wadda ba baiwa ba) sai da izininta; dalili kuwa shi ne tana da haƙƙi a cikin samun ɗa. Idan zubar da maniyyi a waje sau ɗaya yana buƙatar yardarta, ina ga abin da zai iya toshe hanyar haihuwa wata da watanni ba tare da ta sani ba? Ko da babu wani dalili sai wannan, ya isa ya haramta maka ci gaba.

Hukuncin a dunƙule shi ne, amfani da waɗannan magunguna don gina jiki ko cin gasa haramun ne. Wanda likita ya auna ya ga sinadarin ya yi masa ƙaranci, ko yaron da balagarsa ta yi jinkiri, ko majiyyacin da ciwo ya cinye masa tsoka, wannan neman magani yake yi, kuma halal ne. Sallarka da azuminka suna nan daram, domin maganin ba najasa ba ne, allurar tsoka kuma ba ta karya azumi.

Amma fatawar da ka ji ta cewa makaruhi ne kawai, ina girmama mai ita, sai dai ban yarda da ita ba. An gina ta a kan cewa asalin abubuwa halacci ne, kuma abin ba ya gusar da hankali. To, maye dalili ɗaya ne daga cikin dalilan haramci. Gubar ɓera ba ta sa maye, kuma babu malamin da ya halatta lasarta. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan, domin Imamul Ƙarafi a littafinsa Al-Furuƙ ya bambanta abin da ke sa maye da wanda ke ɓata hankali da wanda ke sa barci, ya nuna cewa haddi da najasa sun keɓanci na farko ne. Saboda haka iyakar abin da rashin maye yake amfana maka shi ne ba za a yi maka bulala ba, kuma tufafinka ba su najastu ba. Bai wanke abin daga haramci ba. Ƙa'idar halacci kuwa tana aiki ne a kan abubuwa masu amfani, amma masu cutarwa asalinsu hani ne, saboda hadisin "La darara wa la dirar", wato babu cuta babu cutarwa.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa ai likitoci ma suna rubuta shi, kuma cutarwar zato ce, tunda ga wane ya yi shekaru yana yi lafiyarsa ƙalau. Likita yana mayar wa jiki abin da ya rasa ne, da awo, yana bibiyar jinin majiyyaci. Mai ɗaga ƙarfe kuwa lafiyayye ne da yake zuba wa kansa ninki goma ko fiye na wancan awon, yana haɗa iri biyu ko uku a lokaci guda, kamar yadda ake yi maka. Sunan maganin ɗaya ne, aikin daban. Game da zato kuma, mafi yawan hukunce-hukuncen fiƙihu a kan rinjayen zato aka gina su. Da shi ne majiyyaci yake ajiye azumin Ramadan idan amintaccen likita ya ce zai cutu, da shi yake barin ruwa ya yi taimama. Ta yaya rinjayen zato zai isa a jinkirta farilla saboda shi, sannan ya kasa isa a bar abin da ba farilla ba, ba sunna ba? Cutarwar ma ta wuce zato: ƙwayoyin da ake haɗiya irin Dianabol suna wahalar da hanta, jinsin gaba ɗaya yana hawar da jini, yana ɓata ma'aunin kitsen jini, yana kaurara tsokar zuciya, yana fito wa namiji da nono, yana kawo saurin fushi. A tsohuwar Jamus ta Gabas, hukuma ta riƙa ba dubban 'yan wasa ƙwayar Oral-Turinabol, har da 'yan mata ƙanana da ake ce musu bitamin ne, kuma a shekarar 2000 kotu a Berlin ta sami shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi saboda lahanin da aka yi wa jikinsu. Wanda ya sha bai ga komai ba tukuna, ba ya zama hujja a kan waɗanda aka gani.

Batun gasa ba ya buƙatar dogon bayani, domin kai da bakinka ka ce za ka dakata "don kada a gano", kuma wanda yake kan gaskiya ba ya ɓuya. Duk mai shiga gasa ya amince da sharuɗɗanta, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Manzon Allah (SAW) ya hana a ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya a ƙi tatsarta don ta kumbura mai saye ya zaci mai yawan nono ce, kuma ya ba wanda aka yaudara zaɓin mayar da ita. Damtsen da aka kumbura da allura aka kai gaban alƙalan gasa a matsayin na horo, ɗan'uwan wannan hantsar ne, kuma kuɗin da aka ci da shi haƙƙin wanda ya zo bayanka ne. Ben Johnson ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, cikin 'yan kwanaki aka sami stanozolol, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, a fitsarinsa, aka karɓe zinaren aka ba Carl Lewis. 'Yar tseren Nijeriya Blessing Okagbare ma an fitar da ita ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda sinadarin ƙara girma, daga baya aka dakatar da ita shekara 11. Ka kuma sani cewa burbushin Deca yana daɗewa a jiki wata da watanni, don haka alkawarin kocin naka ko a duniya ba abin dogaro ba ne. Shi kansa yana da kaso a zunubin, kuma ribar da yake ci a wannan ciniki ba ta halatta ba. Idan kuma sirinji ɗaya yake zagayawa da shi a tsakaninku, ka haɗa da gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka janye daga wannan gasa, ka tuba, ka je asibiti a cikin makon nan ka faɗa wa likita sunan duk abin da aka yi maka da tsawon lokacin, ba tare da ɓoye komai ba, a auna maniyyinka da hantarka da jininka. Ka bar shi ya tsara maka yadda za ka rabu da abin, saboda bayan dainawa mutum yakan shiga kasala da ƙuncin rai da raunin sha'awa kafin jiki ya farfaɗo, kuma a wannan gaɓar ce da yawa suke komawa. Mafi yawan maza haihuwarsu tana dawowa cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu, da yardar Allah. Ka zauna da matarka ka gaya mata gaskiya, ka nemi afuwarta, sannan ka dakatar da iyayenka cikin ladabi daga kai ta wurin masu magani har sakamakonka ya fito. Ba dole ne ka yi musu bayanin komai ba, ya isa ka ce likita ya ce a fara da kai.

Ɗaga ƙarfen kuwa kada ka bari, domin mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa a wurin Allah. Jikinka zai ragu, abokai za su yi magana, na san wannan zai yi maka ciwo. Sahabbai sun taɓa yin dariya da iska ta bayyana sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud yana kan bishiya, sai Annabi (SAW) ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Idan sakamakon gwajin ya fito, ka sake rubuto mini.

Wallahu a'alam.