Hukuncin zama a gidan abincin Girkawa inda ake kawo giya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya gafarta. Ina karatu a birnin Atens na ƙasar Girka. Malamin da ke duba aikina ya gayyace mu cin abincin dare, irin wanda ake cika teburi da ƙananan farantai kowa yana ɗiba, kuma na san za a kawo giya. Ni ba zan sha ba. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ka je.

Akwai maganar abincin, amma ni teburin ne ya fi tsaya mini a rai. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Hadisin bai tsaya a kan mai sha ba, zaman kansa aka hana. Saboda haka "ni ba zan sha ba" ba ta fitar da kai, matuƙar kwalbar tana wucewa ta gabanka. In kuwa wasu ne can suke sha a teburinsu, naka babu, malamai da dama na wannan zamani sun sassauta wa mai buƙata, duk da neman wani wurin ya fi.

Shi abincin, wanda suke kira meze, mafi yawansa halal ne: zaitun, cukun feta, ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki, da tzatziki, wato kindirmo da kokwamba da tafarnuwa. Abincin teku kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta shi, kuma a mazhabar Malikiyya har halittar nan mai hannuwa takwas da ake kira octopus ta shiga ciki. Sai dai Girkawa sukan dafa ta da jar giya, sukan kuma zuba ouzo, barasar nan da ke komawa fara kamar madara in an sa mata ruwa, a miyar jatan lande. A wurinmu giya najasa ce, wuta ba ta tsarkake abin da ta cuɗanya da shi. Ruwan khal dabam ne, Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa giyar da ta rikiɗe ta zama khal cikin abubuwa masu tsarki.

Nama kuwa ka yi hattara. Gaskiya ne Girkawa Ahlul Kitabi ne, aya ta 5 a Ma'ida ta halatta yankansu. Amma tsirensu na souvlaki da gyros a can galibi alade ne, sai in an ce maka na kaza. Ka tambayi mai kawo abinci kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Ka kuma lura da cokalin da ke yawo daga wannan faranti zuwa wancan.

Kuɗi ma akwai magana. In aka ce a raba lissafi daidai, ka biya na abin da ka ci kawai, don mai sayen giya yana cikin mutum goma da aka la'anta a hadisin Anas.

Abin da nake ba ka shawara, ka sami malamin naka tun da wuri, cikin ladabi, ka ce addininka ya hana ka zama inda ake sha. Ka roƙi a ba ka wani teburi kusa da su, ko ka gayyace shi shan kofi da rana, abin da Girkawa ke so ƙwarai. In aka ƙi, ka je ka gaisa, ka ba da uzuri kafin a buɗe kwalba. Jin nauyin malami bai kai larurar da ke halatta abin da aka hana ba.

Wallahu a'alam.